Ranar da Barnabe Ya Ɗauko Surukinsa

A unguwarmu ta Akpakpa, nan cikin Kwatano, in kana neman mutumin da bakinsa ya fi ƙarfin aljihunsa ba sai ka sha wahalar tambaya ba. Tare kowane ɗan acaba mai rawayar riga, zai dire ka a ƙofar shagon Fofo Barnabe, wato Yaya Barnabe a bakin mutanen nan. Sana'arsa buga katin biki da na jana'iza, da riguna masu hoton mamaci a ƙirji. Amma zauna da shi ka ji, sai ka rantse shi ya haƙa tekun nan da hannunsa.

To, surukinsa Papa Hunkpatin ya rasu. Aka kai shi ɗakin sanyi kamar yadda aka saba, dangi suka zauna tsara biki. Maganar da ta fi zafi a zaman ita ce wa zai ɗauki tsohon ya mayar da shi gida, ƙauyensu na bayan Abome. Ba ƙaramin girma ba ne. Surukin da ya kawo gawa shi mai shela zai fara kira da suna a gaban gari, a buga masa ganga, matarsa ta shekara tana tafiya tana ɗaga kai.

Sagbo, mijin ƙaramar 'yar marigayin, ya ce a hankali, "Ga akori-kurata. In an wanke ta, za ta yi."

Barnabe, wanda yake auren babbar, Huefa, ya miƙe tsaye har kujera ta kife.

"Akori-kurar tumatir? Mutumin da ya tsufa yana koyar da 'ya'yan mutane, shi za a loda kamar kwandon kayan gwari? Ina raye? Ni zan kai Papa gida, kuma a katkat, babbar jif ta manya!"

"Wace katkat, Fofo?" in ji Sagbo.

"Tawa mana."

"Au, ka saya? Barka."

"Tana hanya."

Huefa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Ita ta san babu abin da ke hanya sai abin kunya.

Washegari gogan naka ya kwashi abin da ya tara na sayen sabon injin buga kati, ya nufi Sekanji inda ake jibge motocin da jirgi ya sauke. Duk katkat ɗin da ya taɓa, in an faɗi kuɗinta sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Can a lungu, jikin katanga, ya hango wata baƙa mai faɗin ƙirji. Ciyawa ta tsiro ta zagaye tayoyinta, wata kaza na kwance a ƙarƙashinta ta shantake, da gani ta daɗe da kama haya a wurin. Dillali ya faɗi kuɗi, Barnabe ya ji bai kai rabin na sauran ba.

"Daga ƙasar ƙanƙara ta zo," in ji dillali. "Wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita. Irinta uku kacal suka taɓa shigowa ƙasar nan. Kamfanin ma ya daina ƙera ta."

Mai hankali in ya ji haka takalminsa zai cire ya ranta a na kare. Shi kuwa Barnabe sai ido ya yi haske.

"Sun daina? Ka ce babu mai irinta!"

"Daga kai sai kai, Fofo."

Aka kori kaza, aka yi wa mota turi, ta tashi.

Ya shigo unguwa da yamma yana tafiyar hawainiya don kowa ya gani. Da ya zo daidai teburin Maman Sena mai akasa da soyayyen kifi, ya danna hon. Hon bai ce uffan ba, sai waifa ce ta hau kai da komo a busasshen gilashi, ƙiii, ƙiii.

"Fofo Barnabe, ruwa ake yi a cikin motar?" in ji Maman Sena.

"Gaishe ki take yi, Maman. Motocin Turawa ba sa ihu kamar naku."

"To ina amsawa. Mene ne sunanta?"

Ya yi ƙoƙarin karanta abin da ke rubuce a bayanta, harshensa ya harɗe, ya ce sunan ba na kowane baki ba ne.

Kafin mako ya zagayo ta mutu masa a kan gada, ta mutu a bakin kasuwar Dantokpa, ta mutu a ƙofar gidansa ma inda ba ta da wani uzuri. Da asuba ya lallaɓa ya kai ta garejin Nukpo don kada a gani. Nukpo ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya cire hula.

"Fofo, ai marainiya ka sayo. Ba uwa ba uba."

"Gyara na kawo, ban zo wa'azi ba."

Aka shiga neman kayan gyara. Kwatano babu. Aka aika Legas, suka ce a turo hoto, da aka tura suka daina ɗaga waya. Wani mai kayan gyara a Lome ya tambaya ko jirgin ruwa ne. Aka bi sawun 'yan'uwanta biyu da dillali ya faɗa, aka tarar ɗaya ta ƙone ƙurmus, ɗayar kuma tana Porto-Nobo an mayar da ita akurkin kaji. A ƙarshe Nukpo ya ciro wani abu daga tsohon janareto ya ɗaura mata da waya.

"Ga iyakar abin da zan iya," in ji shi. "In ta yi zafi za ta mutu. Kada ka dame ta. Ka ba ta kamar lokacin da mutum zai cinye kwanon amiwo, tuwon masarar nan, ya wanke hannu, in ta huce za ta tashi."

Barnabe ya ja shi gefe ya cusa masa wani abu a aljihu. "Nukpo, duk wanda ya tambaye ka, musamman surukaina, motar nan ba ta taɓa taka garejinka ba. Lafiyarta ƙalau. Ko ni da kaina na tambaye ka a gaban mutane, haka za ka ce. Rantse."

Nukpo ya rantse da guduma da sifana da kabarin kakarsa.

Da yake shi ne mai buga katin jana'izar, sai ya ga ai dama ta samu. Katin ya fito da katkat ta cika fuskar takarda tana ƙyalli, Barnabe ya jingina da ita ya harɗe ƙafa. Papa Hunkpatin kuwa yana can sama a kusurwa, ɗan mitsitsi, kamar kan sarki a jikin ambulan.

"Barnabe," in ji Huefa, "ubana ne ya mutu ko motarka ce ke aure?"

"Ke ba ki san tsarin zamani ba."

Ranar tafiya aka hallara a ƙofar ɗakin sanyi da sassafe, kowa cikin anko. Ga bas biyu na dangi, ga 'yan badujala da ƙahoninsu, ga akori-kurar Sagbo a can baya an loda mata kujeru da rumfa da akwatunan lemo. Aka kwantar da kujerun bayan katkat aka tura akwatin gawa. Ya shiga, ya shiga, ya tsaya. Kamu guda ya rage a waje. Aka tura, aka karkata, aka juya, ina! Dole aka sauke ƙofar baya a kansa aka ɗaure da igiya.

Tanyi ce ta shiga gaba. Ita ce ƙanwar marigayin, gwaggon su Huefa, kuma ita ke riƙe da al'adun gidan. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta yi tari maza sukan gyara zama. Ta ɗora kwalbar sodabi, barasar gargajiya, a cinya, saboda ba a raka mamaci hannu rabbana.

Ana tayar da mota ta fara kuka don ƙofar baya a buɗe take. Ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa.

"Mene ne wannan?" in ji Tanyi.

"Ta san ta ɗauko babban mutum ne, Tanyi. Kirari take masa."

Ba su fita gari ba Tanyi ta fara mutsu-mutsu. Ta ɗaga wannan ɓangare, ta ɗaga wancan. Ashe Turawan can, saboda sanyinsu, wuta suke sa wa kujera, kuma wayar da Nukpo ya ɗaura ta kunna ta ba ranar kashewa.

"Barnabe, a kan murhu ka ɗora ni?"

"Gashi ne na lafiya, Tanyi, yana maganin ciwon baya."

"Bayana lafiya lau. Ƙasana ne ke dahuwa. Kashe!"

Ya danna wani maɓalli, waifa ta tashi. Ya danna wani, rufin sama ya zuge ya buɗe, rana ta sauko a tsakar kan tsohuwa. Ya danna don ya rufe, rufi ya ce ai ni na zo ke nan. Ya nemi sauke gilashi, gilashi ya ƙi. Tanyi ta cire ɗankwali ta ninka ta zauna a kai, ta buɗe lema a cikin mota, tana harararsa ta ƙarƙashinta.

A tsakiyar cunkoson Kalabi katkat ta yi tari biyu ta yi shiru. Bas biyu suka ci burki, 'yan badujala suka haɗiye kiɗa. Nan da nan 'yan acaba suka yanyame su kamar ƙudaje.

"Direba, gawa biyu ka ɗauko?"

"Wacce za a fara binnewa, ta ciki ko ta waje?"

"Kawo tsohon mu kai maka shi a babur!"

Sagbo ya sauko ya zo. "Fofo, ko in duba batir?"

"Kada ka taɓa min mota da hannun tumatir!" Gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Sai wata dabara ta faɗo masa, ya gyara murya don kowa ya ji. "Motar nan tun da aka ƙera ta ba ta taɓa tsayawa ba. Ku tambayi kowa. Papa ne ya tsayar da ita. Ba a nan Kalabi ya fara koyarwa ba? Sallama yake yi da garin."

Kowa a ƙasar nan ya san mamaci yakan taka burki in yana da magana. Tanyi ta fito tana fifita bayanta, ta tsiyaya sodabi a ƙasa kusa da akwatin.

"Fofo Hunkpatin, Kalabi ta gode. Ka yi haƙuri mu tafi, mutane na jira."

Ta yi ta lallashi, mata suka ɗan taɓa kuka. Barnabe ya dafa bonet a fakaice, ya ji an cinye kwanon amiwo har an wanke hannu. Ya shiga ya murɗa makulli, mota ta ɗauka. Jama'a suka sa guɗa, badujala ta ɓarke, 'yan acaba suka cire hula. Kan Barnabe ya ƙara girma. Ya samu wanda zai ɗora wa laifi, kuma wanda ba zai buɗe baki ya ƙaryata shi ba.

Da ya tsaya nan, da ya sha. Amma wanda ya ci ribar ƙarya sau ɗaya ai sai ya koma kasuwar.

A Alada, daidai inda masu abarba suke jere a bakin titi, ta sake mutuwa. Wannan karon har da hayaƙi. Rana ta take, waya na ta shigowa daga ƙauye cewa fadan coci ya gaji da jira, abinci na hucewa. Dangi suka firfito suna gunaguni. Wani kawu ya ce a mayar da akwatin akori-kura kawai a huta.

Barnabe ya ji girman da ya ci buri a kai zai kuɓuce. Ya hau dutsen bakin titi ya ɗaga hannu.

"Ba inda za a mayar da shi! Ba ku gane ba? Wancan sallama ce, wannan fushi ne. Ba ku ga hayaƙi ba? A cikin tawagar nan akwai wanda ya ɓata wa Papa rai, shi ya sa ya ƙi gaba." Ya faɗa yana kallon Sagbo ta wutsiyar ido.

Tanyi ta naɗe lemarta a hankali.

"Ka tabbata ba motar ba ce?"

"Tanyi, in motar nan ce, a aske min kai da kwalba."

"To shi ke nan. Tun da fushi ne, ba mai motsawa sai mun san da wa yake yi."

Huefa ta ja rigarsa ta raɗa masa, "Ka yi wa Allah ka faɗi gaskiya tun ana mu biyu." Ya fizge.

Tanyi ta tsara yadda za a yi. Za ta zuba sodabi ta kira suna, a murɗa makulli. Sunan da mota ta tashi a kansa, shi marigayi ya nuna. Ta karɓi makullin ta miƙa wa wani direban tasi da ya tsaya sayen abarba, tun da shi ba dangin kowa ba ne. Za a fara da 'ya'ya, sannan surukai daga ƙarami zuwa babba. Barnabe ya lissafa a ransa, ya ga Sagbo ne kafin shi. Abin da ya rage kawai ya daidaita kwanon amiwo da sunan Sagbo. Har wani murmushi ya suɓuce masa.

Aka kira babban ɗa. Ƙyar-ƙyar-ƙyar, shiru. Aka kira Huefa, shiru. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa in an wuce sunansa sai ya sauke ajiyar zuciya ya yi alamar gicciye. Masu abarba sun bar teburansu, motocin haya sun faka, wata mata har ta ɗora ɗanta a wuya don ya gani.

Da aka zo kan Sagbo, Barnabe ya dafa bonet ya ji da sauran ɗumi. Sai ya ce a dakata, yana da jawabi. Ya yi magana kan halin Papa, ya yi kan tumatir da yadda yake ruɓewa, ya yi kan surukan zamani marasa kunya. Ya sake dafa bonet, sanyi ƙalau.

"Na gama. Kira shi, Tanyi."

Tanyi ta tsiyaya. "Fofo Hunkpatin, Sagbo ne?"

Ƙyar-ƙyar-ƙyar. Shiru.

"A sake!" in ji Barnabe. "Bai murɗa da kyau ba!"

Aka sake. Shiru. Kai, motar nan ko a lalacewarta ba ta da alkawari.

Tanyi ta ɗaga kwalba, ta zuba sauran. "Fofo Hunkpatin, Barnabe ne?"

Direban tasi bai gama murɗawa ba ta ɗauka, vuuum! Irin tashin da ba ta taɓa yi ba tun da ta bar ƙasar ƙanƙara. Fitilu suka kama, rediyon da bai taɓa magana ba ya ɓarke da kiɗa, hon ɗin da ya yi mako uku yana azumin magana ya saki ƙara ya ƙi yin shiru.

"Heeey!" Alada gaba ɗaya ta ɗauka. Mata suka ɗora hannu a ka. Mutane suka dare daga kusa da Barnabe kamar mai kuturta.

"Wallahi motar ce!" Barnabe ya yi tsalle ya dira gaban tsohuwa. "Tanyi, gwangwani ce! Kaza na tarar a ƙarƙashinta! In ta yi zafi mutuwa take yi, in ta huce ta tashi. Kayan janareto ne a cikinta! Kamfanin ma ya gudu ya bar ta!"

"Kai da bakinka ka ce ba ta taɓa tsayawa ba."

"Ƙarya nake yi!"

"Yanzu ko ɗazu?"

"Ɗazu! Tsaya ku ji daga bakin makanikena." Ya kira Nukpo a waya, ya buɗe murya don kowa ya ji. "Nukpo, ina gaban surukaina. Faɗa musu gaskiya, sau nawa na kawo maka motar nan?"

Muryar Nukpo ta fito tar. "Wace mota, Fofo? Katkat? Ai ba ta taɓa taka garejina ba. Lafiyarta ƙalau."

"Nukpo, bar wancan zancen! Gaskiya nake so!"

"Ita na faɗa, Fofo. Na rantse da kabarin kakata. Mota kamar jirgin sama." Ya kashe wayarsa, yana ganin ya cika alkawari.

Sagbo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"To, saura mu ji laifin," in ji Tanyi. "Me ka yi wa yayana?"

Huefa ce ta taho, ta zaro katin jana'iza daga jakarta ta miƙa. Tanyi ta nisanta shi da ido, ta kusanto da shi.

"Ina yayana a nan?"

Aka nuna mata kusurwa.

"Wannan ɗigon? Na ɗauka ƙuda ne ya yi kashi." Ta ɗaga katin sama jama'a suka gani. "Mutum ya mutu sau ɗaya a duniya, ka hana shi ko fuskar takardarsa? Ai yayana ya yi haƙuri da ya bari aka kawo Alada."

Nan take ta yanke hukunci. A sauke kujeru, a share akori-kura, a mayar da marigayi can, Sagbo ya kai shi gida. Barnabe zai hau baya ya riƙe akwatin, in an isa bakin gari ya sauka ya bi shi ba takalmi. Kuma kafin rana ta faɗi ya kawo baƙin bunsuru na ban haƙuri. Maganar aski da kwalba, ta ce ta yafe saboda Huefa.

Matasa suka kwance igiya suka ɗauke akwatin. 'Yan badujala suka koma bayan akori-kura suna gwada sunan Sagbo a ƙaho. Barnabe ya laluba aljihu, ya tuna duk abin da ya mallaka yana tsaye a bakin titi yana hayaƙi. Ya durƙusa a gaban tsohuwa, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Tanyi, ba ni da kuɗin bunsuru. Ga motar, na ba Papa ita ɗungurungum. Ai ta fi bunsuru."

Tanyi ta karɓi ɗan ruwa a wurin wata mai abarba, ta je jikin akwatin ta tsiyaya, ta kara kunne. Ta gyaɗa kai, ta dawo ta mayar masa da makullinsa a tafin hannu.

"Ya ce ka riƙe abarka. Bunsuru yake so, shi ko ba komai in an ja shi yana tafiya."

Akori-kura ta ɗauki hanyar Abome da tashi ɗaya, Barnabe na tsugune a baya tsakanin akwatin gawa da akwatunan lemo, ƙamshin tumatir na dukan hancinsa. Ya waiwaya ya dubi katkat ɗinsa. Ta riga ta sake mutuwa, wata mai abarba har ta fara jera kayanta a kan bonet. Waifa kaɗai ke aiki, tana kai da komo, ƙiii, ƙiii, tana yi masa sai wata rana.